Shukokin da suka dace da kejin hawainiya

Hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. Raɓa take lasa, ko ɗigon ruwan da ya maƙale a jikin ganye, don haka duk abin da ke kan ganyen, cikinta zai tafi. Da wannan nake auna kowace shuka kafin ta shiga kejin tawa, da ke tsakar gidanmu a Tudun Wada, wurin da hantsi ke taɓawa.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Tsinke ganye ɗaya ka duba bakin karan. In farin ruwa ya fito kamar nono, rabu da shukar. Nan tumfafiya ta faɗi, da tinya, da aguwar da ake shingen gona da ita. Wasu ba sa nuna farin ruwan amma dafi ne duk da haka, irin su zurman, zaƙami da bini-da-zugu. Ka kiyayi ƙariya musamman, don masu furanni na ji da ita saboda kyan furenta, alhali da ruwanta ake haɗa dafin kibiya a wasu sassan Afirka. Masu kiwo a Turai na yawan sa wata 'yar uwar cediya mai ƙananan ganye, amma ita ma farin ruwanta kan dami idon hawainiya in reshe ya karye. Ni dai ban ga abin da zai kai ni ba.

Dangin rama su ne abin dogarona. Ba banza ake cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata ba, wurin zamanta ne tun asali. Rama da yakuwa ba su da illa ko ta gutsiri ganyen, sai dai 'yan shekara ɗaya ne, suna yin iri sai su bushe. Wadda ke daɗewa ita ce hibiskus mai babban jan fure da ake ƙawata gidaje da ita. Aibinta ɗaya, ba ta jure inuwa. Sayi tukunya biyu, ɗaya a keji ɗaya a rana, kana musanyawa duk mako. Zogale ma ya yi, ka kafa sandarsa ya tsiro, amma yana da saurin karyewa, kada ka mai da shi hanyar hawa. Wannan aikin busassun rassan gwaiba ne, masu kaurin da za ta iya damƙewa da ƙafa.

Don maɓoya, nemi mai yaɗon nan da masu furanni ke kira money plant. Tana rayuwa a inuwa, faffaɗan ganyenta na riƙe ruwa. Yana da ɗan ƙaiƙayi in an tauna da yawa, don haka in taka irin ta Yaman ce, mai son cin ganye, ka sa ido. Namu na gida ƙwari suka fi ci.

Inda mutane ke yin sake shi ne bayan saye. Shukar da ka ɗauko a bakin titin Samaru, ko tsiron yakuwa daga lambun bakin kogin Galma, ɗauka kawai an yi mata feshin maganin ƙwari. Fitar da ita daga leda, karkaɗe ƙasar duka har saiwa ta fito fili, wanke ganyen ciki da bai da ruwan sabulu kaɗan, ka ɗauraye sosai. Sake dasa ta a ƙasar da ba takin zamani, ka bar ta waje kamar wata guda kana ba ta ruwa. Sannan rufe bakin tukunyar da duwatsun da suka fi ƙarfin bakinta, domin in ta harba harshe kan fara, ƙasa da tsakuwa kan biyo.

Da hunturu ƙura ke lulluɓe ganye cikin yini ɗaya. Wanke shi tukuna, sannan ka fesa ruwan sha safe da yamma har ganyen ya riƙa ɗiga. Kashinta zai gaya maka ko tana sha: in farin da ke gefensa ya koma ruwan ɗorawa, ko idanunta suka faɗa, ƙara feshi, ka kuma ƙara shuka mai faɗin ganye kusa da reshen da take kwana.