Darasi na Bakwai: Yadda Ake Lura da Cajin Batirin Sola

Wanda ya sa sola a gida ko a shago yakan mai da hankalinsa ga farantin da ke kan rufi, alhali batirin da ke ajiye a ɗaki shi ne ya fi saurin lalacewa. Batirin dalma mai bolt 12, wanda aka fi sani a kasuwanninmu, yana da gidaje shida a cikinsa, kuma kowane gida yana ba da kimanin bolt 2.1 idan ya cika.

Ana auna caji da ƙaramar mita ta hannu, jar waya a kan mai alamar tarawa, baƙa kuma a kan mai alamar ɗebewa. Sai dai lokacin awon ya fi mitar kanta muhimmanci. Idan an auna da tsakar rana, farantin yana tura wuta, mita za ta iya nuna bolt 14 ko fiye, mutum ya zaci batirinsa ya ƙoshi, alhali wutar da ke shiga ce ya gani. Idan kuma an auna fanka da talabijin suna aiki, lambar za ta sauka ƙasa da gaskiya. Awon da za a amince da shi shi ne wanda aka yi bayan an kashe komai, batirin ya huta na 'yan sa'o'i. A wannan hali, kimanin 12.7 na nufin ya cika, 12.2 na nufin saura rabi, 11.8 kuwa na nufin ya kusa ƙarewa.

Kada a bari batirin dalma ya riƙa sauka ƙasa da rabi, domin idan ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin dalmar, ya rage masa ƙarfin riƙe wuta, kuma da wuya a gyara. Saboda haka batiri mai lamba 200Ah a jikinsa, wato ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa, wanda a lissafi (200 sau bolt 12) yake ɗaukar wat 2400 na awa ɗaya, 1200 ne kawai naka. Ko wannan ma ba kyauta ba ne, don cikin wutar da aka zuba masa kusan kashi ɗaya cikin biyar yana salwanta a matsayin zafi, inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ita ma tana cin nata rabon.

Batirin litiyom bai cika asarar wuta haka ba, amma lambar bolt ɗinsa ba ta motsi sosai har sai ya kusa ƙarewa, don haka allon da ke nuna kashi cikin ɗari ya fi mitar hannu amfani gare shi.

Zafin bazara yana rage kwanan batiri, sai a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da murhu, domin batirin dalma yana fitar da iskar da ke kama wuta. Batiri mai ruwa a duba shi duk wata, a ƙara masa tataccen ruwa, ba na rijiya ba. Da hunturu kuma, kafin a zargi batiri, a fara goge ƙurar faranti.

Aikin yi: samu littafi ka riƙa rubuta awon kowace asuba har mako biyu. Sannan ka lissafa: fanka mai wat 60 da ƙwai uku masu wat 10 kowanne, idan sun yi awa 10 a kunne, wat nawa ya rage daga 1200?