Yadda za ka nemo kayan bincike kan kafafen yaɗa labaran Ostiraliya daga nan Samaru

In sufabaiza ya ba ka aiki kan Ostiraliya, kar ka faɗa Google ka yi ta kwasar duk abin da ya fito. Fara matse topik ɗin tukuna. Ɗauki abu guda, misali dokar 2021 da aka yi don Google da Facebook su riƙa biyan gidajen jarida kuɗin labarai, wadda ta sa Facebook ya toshe labarai a ƙasar na 'yan kwanaki a Fabrairun shekarar.

Daga nan sai Trove, rumbun intanet na babban laburaren ƙasarsu. Kyauta ne, data kawai zai ci maka. Akwai tsofaffin jaridu tun daga Sydney Gazette ta 1803, amma yawancinsu a tsakiyar shekarun 1950 suka tsaya, to in abin kwanan nan kake nema ba nan ba ne. Kuma rubutun gefe na'ura ce ta karanto shi, kurakurai sun yi yawa wallahi, kullum ka buɗe hoton shafin ka duba da idonka kafin ka kwafa.

Maganar doka kuwa, shafin ACMA za ka shiga, ita ce kamar NBC ɗinmu, an kafa ta 2005. Muhawarar majalisarsu tana cikin Hansard, can za ka ga wa ya ce me. Mujallun ilimi ka nemi Media International Australia da Continuum, in takarda a kulle take sai an biya, ka leƙa laburaren Kashim Ibrahim na ABU ka tambayi ma'aikata ko makaranta na da rajista, in babu ka sa sunan marubucin a rumbun jami'arsa, sau da yawa kwafin na nan.

Inda ɗalibai ke zamewa shi ne zaɓen jarida. In za ka ƙirga yadda aka ba da labari, kar ka tsaya kan guda ɗaya, The Australian ta News Corp ce, Sydney Morning Herald kuma ta koma hannun Nine tun 2018, ABC, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, da kuɗin gwamnati take aiki. Ɗauki ko biyu, kwanaki iri ɗaya, ka faɗi dalilin zaɓinka a babi na uku tun kafin a tsare ka da tambaya ranar difens.

In za ka tura wa wani malamin jami'a a Ostiraliya imel, tura da daddare, Sydney ta riga mu da awa 9 ko 10, kana tashi asuba su rana ta yi nisa.