Kurakuran da aka fi yi wajen shirya hutun bakin teku a Malta

Duk shekara, da zarar makarantu sun doshi dogon hutu, tambayoyi iri ɗaya ake turo min a kan Malta, ƙaramar ƙasar tsibirai da ke tekun Bahar Rum, kuma kusan kullum sai bayan kuɗi sun riga sun fita ake tambayar. Mutum ya ga hoton shuɗin ruwa a Instagram, ya kama otal, ya yanki tikitin jirgi, sannan ya waiwayo yana neman shawara. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara a wuri guda. Abin da zan faɗa yadda ni nake yi ne. Wanda ya ga wata hanya ta fi masa, ga fili ga mai doki.

Mu fara da biza, don a nan ake tafka asara mafi girma. Malta ta samu 'yancin kai daga Ingila a 1964, kuma har yau Turanci harshen hukuma ne a can tare da harshensu, to sai wasu su ɗauka bizar Ingila za ta shigar da su. Ba za ta shigar ba. Malta ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta shiga yankin Shengen (ƙasashen Turai masu biza ɗaya) a ƙarshen 2007, ta fara kashe yuro a 2008. Bizar Shengen kake buƙata, kuma dokokinta a rubuce suke. Kuɗin nema ga babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma ko an hana ka ba a mayar maka. Sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fito, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Ana iya shigar da takardu tun wata 6 kafin tafiya. Amsa takan ɗauki kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, kuma a lokacin bazarar Turai samun ranar ganawa ma kansa aiki ne. Duk da haka sai ka ga Alhaji ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, na mutum shida, saura mako uku tafiya, bai ko cike fom ba. Haba Alhaji! Otal-otal da yawa suna ba da damar soke ɗaki kyauta har zuwa 'yan kwanaki kafin zuwa. Irinsu nake kamawa ko da sun ɗan fi tsada, kuma ba na biyan kuɗin tikiti gaba ɗaya sai fasfo ya dawo hannuna na ga hatimin da idona.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shawarar ejan-ejan ɗin nan masu cewa a nema ta ofishin jakadancin wata ƙasa don wai nata ya fi sauƙi, in an samu sai a wuce Malta. Ƙa'ida ita ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Jami'in shige da fice yana da ikon tambayarka takardar otal da tikitin komawa a filin jirgi, kuma in labarinka bai dace da bizarka ba, zai iya juya ka daga nan. Haka ma masu kama ɗakin otal na bogi, da masu rantar miliyoyi su zuba a asusun banki ana gobe za a buga bayanan asusun. Mai duba takardun nan ya ga irin wannan dabarar sau ba adadi. Ku tuna inda Malta take: kusan kilomita 90 kudu da Sisili, 'yan ɗaruruwan kilomita arewa da gaɓar Libiya, a kan hanyar da kwale-kwalen bakin haure suke bi. Tambayar da ke ran jami'in ita ce ko za ka koma gida, don haka takardar wurin aiki, da rajistar kasuwanci, da asusun da kuɗi suke shiga suna fita a natse tsawon watanni su ne hujjarka. In aka hana ka, bayanin yana zama a rumbun bayanansu na bai ɗaya har shekara 5, ejan kuwa ya riga ya karɓi nasa ya kashe waya.

Na biyu shi ne wanda ni kaina ya ci min kuɗi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutane suna jin an ce tsibiri, sai su ɗauka ko'ina rairayi ne. Mafi yawan gaɓar Malta dutse ne, farin dutse mai ruwan zuma wanda da shi suka gina garuruwansu. Unguwannin da otal ya fi yawa, wato Sliema da St Julian's, su ne ake fara nuna maka a intanet, kuma a Sliema abin da ake kira bakin teku shimfiɗaɗɗen dutse ne da tsanin ƙarfe da ake bi a sauka cikin ruwa mai zurfi. Wani ejan ne ya kama mana ɗaki a can, yana rantsuwa cewa daga taga ana ganin teku. Gaskiya ya faɗa, ana gani. Sai dai ni da yara na je, ɗauke da 'yan bokitai da shebur na wasa, babu ko tafin hannu na yashi da za su tona, kuma babu inda ƙaramin yaro zai tsaya ruwa ya tsaya masa a gwiwa. Muka koma kullum muna tashi da sassafe muna bin bas zuwa arewacin tsibirin. Malta ƙarama ce, duk ƙasar murabba'in kilomita 316 ce, babban tsibirin kuma tsawonsa bai wuce kilomita 27 ba, amma kada taswira ta ruɗe ka. Cunkoson motoci a can ba wasa ba ne, tafiyar da ka lissafa minti ashirin sai ta ci awa guda, kuma da yamma bas yakan wuce ka a tasha don ya cika maƙil da masu dawowa daga wanka. Kuɗin tasi na ranakun da yara suka gaji da jira ya kusa kama mana wani ɗakin.

Rairayi na arewa ne. Mellieha ita ce gaɓar yashi mafi girma a ƙasar, ruwanta kuma ba shi da zurfi har ka yi nisa kana takawa, shi ya sa duk mai yara nake ce masa ya kwana a nan kawai, ya riƙa zuwa Baleta, babban birnin ƙasar, yawon buɗe ido daga can. Golden Bay tana yamma, kusa da ita kuma Ghajn Tuffieha, wadda ta fi kyau amma sai an sauka dogayen matakala, kuma duk wanda ya sauka sai ya hau. Kada a ja Hajiya Babba mai ciwon gwiwa zuwa can. A tsibirin Gozo akwai Ramla mai jan yashi. Kafin in biya kowane ɗaki yanzu, sai na buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps na ga launin abin da ke gaban otal ɗin da idona. Mai iyali kuma ya nisanci Paceville, wadda take cikin St Julian's. Nan ne matattarar gidajen rawa da mashaya, kiɗa har asuba, kuma ɗakunan wurin sukan yi arha ne saboda dalili.

Sai lokacin tafiya. Kowa Agusta yake so. A watan ne Turawa suke hutu, kuma ranar 15 ga wata ake bikin Santa Marija, lokacin da su kansu 'yan ƙasar suke rufe shaguna su kwarara Gozo, farashi ya hau, gaɓa ta cika babu masaka tsinke. Wasu kuma su ce su 'yan Sakkwato ne ko Maiduguri, wane zafi za a nuna musu? Zafinmu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, musamman in iskar kudu ta taso daga Sahara ta kwaso laimar teku a hanya. A watan Yulin 2023 zafi ya haura digiri 42, wayoyin lantarki na ƙarƙashin ƙasa suka riƙa lalacewa, unguwanni suka kwana babu wuta. Masu gudun tsada kuma sai su faɗa ɗaya ramin, su je a Afrilu ko farkon Mayu. Rana tana nan, amma teku bai rabu da sanyin hunturu ba, ruwan bai kai digiri 20 ba, za ka tsoma ƙafa ka janye. Teku a hankali yake ɗumama, a hankali yake hucewa. Ni daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba nake zuwa: ruwa na nan da ɗuminsa wajen digiri 24 zuwa 26, yaran Turawa sun koma makaranta, ga kifin lampuki ya shigo kasuwa. Akan yi hadari jefi-jefi, na yarda da wannan cinikin.

Akwai abin da 'yan ƙasar suke dubawa kowace safiya wanda baƙo ba ya dubawa, wato inda iska ta fito. Iskar arewa maso yamma ce ta fi yawa, kuma in tana kaɗawa, Golden Bay da Ghajn Tuffieha sukan yi igiyar ruwa mai ja ta ƙasa, alhali Mellieha da ke kallon gabas tana kwance lafiya. Iskar ce kuma take koro jelifish, halittar nan mai kama da leda mai ruwan hoda wadda in ta taɓa fata sai ta yi raɗaɗi da tabo. Ka zaɓi gaɓar da iska take bai wa baya. Tutocin masu ceto kuma ba ado ba ne: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja haɗari, ja biyu an rufe, mai launin shunayya kuma tana nufin akwai masu harbi a ruwa. In jelifish ta harbe ka, da ruwan teku ake wankewa, ruwan gora ƙara tayar da dafin yake yi, kuma kada a murza da yashi.

Nan zan ɗan yi faɗa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma ba abin kunya ba ne, ba a bakin teku muka tashi ba. Abin kunya shi ne saurayi ya ga 'yan Turawa suna dirowa daga kan dutse a St Peter's Pool, wani wurin wanka mai zurfi a gaɓar teku, shi ma ya cire riga don a ɗauke shi bidiyo. Wankan kududdufi da ka yi kana yaro ba shi ne iyo ba. Ka tsaya inda ƙafarka take taɓa ƙasa, a gaɓar da ke da masu ceto, ka kuma sani ba duk shekara suke aiki ba, na watannin zafi ne. Mata masu son shiga ruwa su sayi rigar iyo mai rufe jiki tun daga gida, wadda aka ɗinka don ruwa. Abaya ko zane in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Wanda kuma ba ya son idonsa ya ga abin da ba ya so, ya yi yadda nake yi: in fita bayan sallar asuba, kafin ƙarfe goma na dawo, lokacin da masu shanya jiki suke fitowa.

Blue Lagoon na tsibirin Komino shi ne hoton da ya jawo yawancinku. Ruwan haka yake, ba a ƙara masa launi ba, amma yashin wurin ɗan mitsitsi ne, inuwa babu, da tsakar rana kuma jiragen ruwa suna juye mutane kamar ranar kasuwar ƙauye. Tun 2025 sai an yi rajista ta intanet kafin a sauka a wurin, don an ƙayyade yawan masu shiga. Ka bi jirgin farko na safe, ka bar wurin kafin azahar. Wanda kuma ya sa Azure Window na Gozo a jerin wuraren da zai gani, tsohon hoto ya gani, dutsen ya rufta cikin teku tun 8 ga Maris 2017.

Abinci: harshensu daga Larabci ya samo asali, amma ƙasar ta Katolika ce, don haka a riƙa tambaya. Tsiran-hanjinsu na alade ne, zomon da suke alfahari da shi da giya ake dafa shi, ko pastizzi, ɗan abin taɓawarsu na fulawa, ma ka tambayi irin kitsen da aka murza shi da shi. Kifi da burodinsu na ftira mai tuna sun ishe ni, ga shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal a manyan unguwanni. Babban masallaci yana Paola, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978, kuma daga Mellieha tafiya ce, don haka ranar Juma'a a fita da wuri.

Sauran ƙanana ne. A hagu ake tuƙi, titunan ƙauyuka kuma ƙunci gare su, in ba ka saba ba ka haƙura da hayar mota. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, 'yan Nijar ne za su nemi mahaɗi. Ruwan famfo tataccen ruwan teku ne haɗe da na rijiya, ba ya cutarwa amma da ɗan gishiri-gishiri. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, a shafa man kariya. Takalmin roba na shiga ruwa zai raba ka da ƙayar bushiyar teku a wuraren dutse. Ka gwada katin bankinka da sayen wani abu na waje tun kana gida, ka kuma riƙe yuro a hannu, amma in kuɗin sun kai 10,000 dole ka bayyana wa kwastan. Kilishi da dambun nama a bar su a gida, an hana shiga Tarayyar Turai da nama a jaka. In ka ji ƙara kamar ta bindiga da rana tsaka, bikin waliyyin wani ƙauye ake yi, wasan wuta ne. Jirgin ruwan Gozo daga Cirkewwa minti 25 ne, kuma sai a dawowa ake biya, saboda haka kada ka tsaya neman mai sayar da tikiti a tafiya. Filin jirgin sama kuwa ɗaya ne tak a ƙasar, a Luqa, can kudu, don haka kada ka kwana a Gozo a daren ƙarshe in jirginka na safe ne.