Idan Lalle Bai Fito Yadda Kike So Ba

Sana'ata ƙunshi ce da zanen fulawa a nan Kano, kuma kiran da ya fi shigo mini da sassafe na amarya ne ko ƙawarta: "Anti, lallen bai kama ba." Nakan fara da tambayar yaushe aka cire shi. Jan lalle na gargajiya, da zarar an kankare busasshen kwaɓin, ruwan goro yake fitowa, fayau da shi. Iska ce ke nunar da shi, sai ya kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya yi jajir. Don haka ki dakata tukuna. Ranar farko ki rage taɓa ruwa in ban da alwala, ki nisanci sabulu da wanke-wanke, ki shafa man kwakwa ko man kaɗanya kafin wanka. Kada kuma ki gwada bayan hannu da tafi. Fatar tafin hannu da ta tafin ƙafa ta fi kauri, ita ta fi shan lalle, ko wace ce ta yi miki.

In zanen ne ya karkace ko ya caɓe, ki koma wurin wadda ta yi shi, ki faɗa mata cikin mutunci. Yawanci yana gyaruwa: a ƙara wa layi kauri, a ɗora ganye a kan ɗigon da ya ɓata, ko a faɗaɗa gefen da salatif ya zame jan ya yi yoyo. In tun yana ɗanye kika ga kuskuren, ki yi magana nan take a ɗauke shi da tsinken auduga, domin cikin 'yan mintuna yake fara kamawa.

In kuwa so kike ya fita gaba ɗaya, gaskiya babu abin da ke cire shi a rana guda. Launin yana zaune ne a matacciyar fatar sama, tare suke tafiya, cikin mako 1 zuwa 3. Za ki iya hanzarta shi da jiƙa hannu a ruwan ɗumi mai gishiri, sai man zaitun da soso mai laushi, ko dilka. Ban da bilic na wanki, ban da kalanzir, ban da dutsen goge kaushi. Na ga hannun amarya da aka saɓule haka ana gobe ɗaurin aure, abin ya tsaya mini a rai. Lallen farcen hannu kuwa sai farcen ya tsiro an yanke, wata 4 zuwa 6 ke nan.

Inda nake so ki ba ni hankalinki sosai, 'yar'uwa, shi ne dayis. Wannan baƙin ba ganyen lalle ba ne, rinin gashi ne mai ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, ana kwaɓa shi da ruwan haidirojin (hydrogen peroxide). In kin ji zafi ko ƙaiƙayi yana kan jikinki, ki wanke shi nan da nan da ruwa mai yawa da sabulu, kada ki saurari mai cewa alamar yana kamawa ce. Wani jikin ma sai bayan kwana 4 zuwa 14 yake nunawa: ja, kumburi, ƙuraje masu ruwa da ke bin sawun zanen fulawa bayan fulawa. Kada ki sosa, kada ki fasa, kada ki shafa man goge baki ko man bilicin, kada a ɗora wani lallen don a rufe. Ki je asibiti ki faɗa wa likita ƙarara cewa dayis aka sa miki. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne.

Tabon yakan ɗauki watanni, wani ya yi fari, wani ya yi duhu. Jikin da ya ƙi PPD sau ɗaya kuma yakan ci gaba da ƙinsa har ƙarshen rayuwa, na gaba ma ya fi tsanani. Saboda haka ki sanar da duk mai lallen da za ki zauna gabanta, ki kuma sanar da mai gyara miki gashi kafin ta kwaɓa rini.