Darasi na Tara: Idan Likita Ya Rubuta Hoton Wuya

Wuyan mutum yana da ƙasusuwa 7 jere da juna, tsakanin kusan kowane biyu akwai guringuntsi mai laushi, a tsakiyarsu kuma laka ta ratsa daga ƙwaƙwalwa zuwa baya. Idan wuya ya daɗe yana ciwo, ko hannu yana sagewa, likita kan rubuta takardar hoto. Ku duba takardar a hankali, za ku ga ɗaya daga cikin kalmomi uku: X-ray, CT ko MRI.

Mu fara da MRI, domin a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wannan na'ura babban maganaɗisu ce, tana nuna laka da jijiyoyi da guringuntsi, kuma ƙarfinta ba ya mutuwa ko da ba a ɗaukar hoto. Saboda haka, kafin ku shiga ɗakin, ku cire duk ƙarfen da ke jikinku: 'yan kunne, sarƙa, zobe, agogo, makulli, waya, da fil ɗin ɗankwali ko hijabi. Kada ku ji kunya, kowa haka yake yi. Ku sake laluba aljihu. Mai laya a wuya ya cire ta.

Akwai kuma ƙarfen da ba ya ciruwa. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi, ko na'urar bugun zuciya, ko mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ya faɗa wa ma'aikaci da bakinsa tun kafin a tambaye shi. Mun sha maimaita wannan a aji, amma har yanzu wasu suna yin shiru wai don kada a fasa musu hoto bayan sun biya kuɗi. Wannan ganganci ne, Malam. Ƙarfe, a cire shi ko a faɗe shi. Bayan an kwantar da ku, na'urar za ta yi ƙara sosai na kusan rabin awa. Ku lizimci natsuwa, kada ku motsa.

X-ray ƙashi yake nunawa, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Wani lokaci za a ce ku buɗe baki domin a ga ƙasusuwa biyu na sama. Mai juna biyu ta sanar.

CT, wato hoton X-ray ta kusurwoyi da yawa da kwamfuta ke haɗawa, an fi yin sa bayan hatsari, don neman karaya. Shi ma a cire sarƙa da 'yan kunne.