Yadda ake riƙe sirrin majinyaci, daga bakin ma'aikaciyar ɗakin kati

Na daɗe ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a nan Gombe, kuma duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, tagar karɓar kati nake fara kai shi, don a nan sirri yake fara zuba. Layi ya cika, mutum yana tsaye, maƙwabcinsa na Pantami yana bayansa, sai ka ɗaga murya: "Malam, wajen masu tarin fuka za ka ko?" Kafin la'asar unguwa ta ji. Ka kira shi ya matso, ka tambaye shi ƙasa-ƙasa. In ɓangaren da za shi yana da suna mai nauyi, rubuta masa lambar ɗakin a 'yar takarda.

Fayil kuma ba a barinsa buɗe a kan tebur, ba a kuma ba ɗan rakiya ya kai wa likita. Kafin ya isa ƙarshen baranda ya karance shi tas. Masinjan asibiti ne mai kaiwa, kuma a rubuta wanda ya ɗauka da lokacin da ya dawo da shi.

Inda aikin yake da wuya shi ne wajen dangi. Mu nan ciwon mutum ɗaya na gida ne gaba ɗaya, kuma wanda ya biya kuɗin magani yana ganin dole a faɗa masa komai. Wata rana wata dattijuwa ta tsare ni, ta rako matar ɗanta awo.

"'Yar nan, me gwajin jinin ya nuna?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni kati kawai nake riƙewa. Likita zai yi mata bayani, in ta so sai ta kira ki ciki."

"Ni fa na haifi mijinta."

"Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ke ma da naki ne, haka zan riƙe miki."

Ta yi tsaki ta zauna. Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma yi mata rashin kunya ba. Kada ka ce "ba komai" alhali da komai, kada kuma ka yamutsa fuska, don fuska ma tana ba da labari. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a tambayi majinyaci shi kaɗai tun ranar farko: wa ka yarda a yi wa bayani? A rubuta sunan a fayil. Za ka yi mamakin matan da za su ambaci yayarsu su tsallake miji.

Doka tana bayanka. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum da jinyarsa, har ma zamansa a asibiti, sirri ne. Ana fitar da shi ne in mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta buƙata, ko iyaye suka nema game da ƙaramin yaro, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Shi ya sa zazzaɓin Lassa ko kwalara ake sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi ɗin, ba majalisar mai shayi ba. Ɗan sanda ma in ya zo da baki kawai, raka shi ofishin shugaban asibiti. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Waya kuwa ta fi komai ba ni tsoro. An kawo waɗanda suka yi hatsari a hanyar Bauchi, sai ka ga wani ya ɗaga waya, kafin a ɗaura ƙarin ruwa hoton yana yawo a WhatsApp, uwar yaro a nan za ta fara gani. Ko shawarar babban likita kake nema, rufe suna da lambar kati kafin ka ɗauki hoton sakamako, ka goge bayan an gama. Kwamfuta kuma kowa da lambar sirrinsa. Kada ka ara wa abokin aikin kwana taka, don duk abin da ya buɗe da sunanka zai fito. Za ka tashi salla, rufe ta.

Sai takardun da aka gama da su. Na taɓa sayen ƙosai a bakin ƙofar asibiti, na warware takardar, sai ga sakamakon gwajin wata mata, sunanta da unguwarsu raɗau, mai ya jiƙa rabi. Daga kwandon shara aka tsinto ta. Tun ranar na sa kwali mai murfi a ƙarƙashin teburina. Duk takardar da ke da sunan mutum can take shiga, ranar Juma'a in ɗauka da hannuna in kai wajen ƙona shara, in tsaya har ta zama toka.