Yadda Za Ka Samu Abokan Tafiya Idan Kana Son Barin Giya a Ƙauye

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ba za ka ga allo an rubuta cewa nan masu son barin giya suke taruwa ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000 giya ta shige ɓoye, mai shanta ma haka. To wanda yake son bari, ta ina zai ɗaga hannu ya ce ga ni? Amma akwai su, kuma ana samunsu idan an bi ta hanyar da ta dace.

Fara da asibiti. Idan kullum kake sha, har da safe hannunka yana karkarwa sai ka ɗan kurɓa, kada ka yanke ta rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da gumi da tashin zuciya suke farawa, wasu har su faɗi kamar mai farfaɗiya, zuwa kwana biyu ko uku kuma mutum ya ruɗe ya fara gane-gane. A gida sai a ce iska ce, a tafi neman hayaƙi, alhali wannan halin yana kisa kuma likita yana da maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mutanen Jigawa kuma ga na Kazaure. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Kuɗin mota da na kati ba za su kai abin da kake zubarwa a mashaya cikin wata guda ba.

A can za ka yi tambayar. Likita yana da layi a gabansa, don haka ka tari nas ko ma'aikacin walwala bayan an sallame ka, ka ce: "Don Allah, akwai waɗanda suka daina da suke haɗuwa?" Idan akwai, za a gaya maka rana. Idan babu, kada ka nemi lambar kowa, ba za a ba ka ba. Ka bar taka, ka ce duk mai irin matsalarka da yake son magana ya kira. Ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma yana da masu ba da shawara, ka gwada.

Inda na fi ganin mutane suna faɗuwa shi ne zaɓen wanda za su fara buɗe wa ciki. Mutum ya yi niyya mai kyau, sai ya je ya faɗa wa abokin majalisa. Kafin la'asar zancen ya kai gidan surukansa, kunya ta kama shi, ya koma kwalba fiye da da. Wani kuma abokin shansa yake ja su daina tare, ranar da ɗaya ya karaya sai ya tafi da ɗayan. Wani ya je wurin dattijon da bai taɓa ɗanɗana ta ba, a karanta masa ayar haramci. Ai ya san haramun ce, da ita yake kwana yana kuka. Liman yana da amfaninsa, ka riƙe shi don addu'a da sasanta ka da iyalinka. Abokin tafiya kuwa sai wanda ya sha ya bari, ni dai ina cewa ya yi shekara bai taɓa ba, kuma ba ɗan unguwarku ba. Ka gwada shi da ƙaramin sirri tukuna, ka jira mako biyu ka ji ko zai dawo maka ta bakin wani. Idan a zaman farko ya kama ba ka labarin wane da wane da suke sha, ka yi masa sallama.

Kada ka raina mutum biyu. Ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous da ta bazu a duniya da mutum biyu ta fara a 1935 a garin Akron na Amurka, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, kowannensu giya ta wahalar da shi. Ƙungiyar tana yin taro ta intanet, sai dai yawanci da Turanci, ga cin data, ga matsalar sabis a karkara. Kiran waya da daddare ya fi mana sauƙi.

Ranar kasuwa ce ta fi dacewa da haɗuwa, don ba mai tambayarka ina za ka: Wudil ranar Juma'a, Maigatari Alhamis, Dambatta Lahadi. Ku zauna nesa da inda kuka saba saye, kuma ku haɗu kafin kuɗin ciniki ya shiga aljihu.

Duk wurin da za a sa maka mari ko a doke ka da sunan gyara, ka guje shi. An ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019.

Sauran ƙa'idojin zaman kaɗan ne. Awa ɗaya ta isa. Kowa ya faɗi nasa, ba katse magana, ba wa'azi, ba rancen kuɗi a tsakaninku. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Mata su yi nasu daban, ta hannun nas mace. Wanda ya zame ya sha, a kira shi a ranar, kuma ya zo zama na gaba.